Sanyin rai a gindin gawo

Ni manomi ne, ɗan manomi, a ƙasar Maradi, kuma shaidar da zan bayar a kan icce ce. Na ga gonakinmu a zamanin da mutum zai tsaya bakin garinsu ya hango rumbunan garin gaba, babu ko inuwa ɗaya da ta tare masa ido. Na kuma gan su yanzu, inda a wurare da dama tsakanin Agye, Tasawa da Mayahi sai ka zo daf da ƙauye kafin ka ga danninsa. Idan zuciyata ta yi nauyi, gindin gawo nake zuwa in zauna, kuma ban taɓa tashi daga wurin yadda na zo ba. Amma wannan sanyi ba daga sama ya faɗo ba. Adda ce ta kawo shi, addar nan dai da ta share dajin tun farko, da aka koyi riƙe ta ta wata hanya.

A da, gona mai kyau ita ce gona fes. Bazara na shigowa a fita sassabe, a sare duk sabara da kalgo da gezar da suka toho, a tara a banka musu wuta. Wanda ya bar tsiro a gonarsa rago ne a idon mutane. Ga kuma tsoron ma'aikatan gandun daji, domin icce na gwamnati ne ko da a tsakiyar gonarka ya fito, in ka taɓa reshensa a ci ka tara. To wa zai reni abin da zai jawo masa tara? Gwamma a kashe shi tun yana ƙarami. Haka aka yi ta yi har fari ya zo ya tarar da ƙasa tsirara. A 1984, shekarar yunwar da tsofaffi ke kira El Buhari, a nan birnin Maradi aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada cikin watan Mayu, zamanin shugaban ƙasa Seyni Kunce. An dasa itatuwa da yawa a shekarun nan, na leda, waɗanda aka reno a lambu, amma mafi yawansu ba su ga damina ta biyu ba. Rani ya ƙone wasu, gara ta ci wasu, awaki suka ƙarasa saura.

Wani ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da wata ƙungiyar mishan mai suna SIM a Maradi, shi ne a 1983 ya tsaya ya dubi ƴan kurmin da muke sarewa duk shekara, ya gane ba ciyawa ba ne, itatuwa ne da aka sare waɗanda saiwarsu ke nan da rai a ƙasa. Lokacin yunwa aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin tsiro a gona. Da abinci ya ƙare, mutane da yawa suka koma suka sare abinsu. Waɗanda suka bari su ne suka ga bambanci, maƙwabta kuma suka gani da idonsu. Daga nan abin ya bazu daga gona zuwa gona, aka sa masa suna sassaben zamani. Masu bincike da suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi sun kiyasta ya kai hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman Maradi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200.

Dalilin da ya sa kututture ya fi dashe ba boyayye ba ne. Icen leda yana zuwa da ƴar saiwa da ba ta wuce tsawon hannu ba, a ƙasar da ruwan shekara yake wajen milimita 500 ko ƙasa da haka, kuma duk cikin wata uku zuwa huɗu yake sauka. Kututture kuwa saiwar babban icce gare shi, ta riga ta kai ga laima tun zamanin kakanni, tana kuma ajiye da abinci. Abin da ya hana shi tashi shi ne tsiro ashirin ko talatin da ke rabon ƙarfin saiwa ɗaya, sannan a zo a sare su duka kowace bazara. In ka rage masu cin kwanon, waɗanda suka saura sai su miƙe. Kalgon da aka gyara da kyau yakan wuce tsayin mutum cikin damina biyu, abin da dashe zai daɗe bai kai ba.

Lokacin aikin shi ne ƙarshen bazara, gab da ruwan shuka. Ba don komai ba sai don dabbobi. In ka gyara tsiro da kaka, bayan an kwashe amfani an saki gonaki, ka cire masa rassan da ke kare shi ke nan ka miƙa wa akuya da raƙumi, wata shida cur suna kansa. In kuwa ka gyara shi dab da damina, zai samu ruwa, ya kuma samu watannin da dabba ba ta shiga gona, kafin a sake su ya yi kauri ya yi tsawo.

Kafin ka ɗaga adda, zaga gonar tukuna da ƙafa, ka san abin da ke cikinta. Mai farawa ya nemi kututture kamar 40 a hekta guda, wato tsakanin wannan da wancan taku ashirin ko kusa da haka. Wanda hannunsa ya faɗa yakan bar fiye da ninkin haka, yana ragewa a hankali yayin da suke girma. Kada ka nace sai sun yi layi. Icce inda Allah ya tsirar da shi nan yake. Sai dai in garmar shanu kake noma da ita, ka bar mata hanya, ka kuma kafa ƙaramin turke kusa da kowane ɗan tsiro, don mai riƙe da garma idonsa na kan kunya ne, ba ya ganin ɗan gawo mai tsawon taƙi.

A kowane kututture zaɓi tsiro uku zuwa biyar, mafi kauri da miƙewa, ka sare sauran daga tushe. Mutane da yawa sukan bar ɗaya tak, wai don ya yi saurin girma, kuma ina ganin wannan kuskure ne ga kalgo da sabara da geza. Guda ɗaya, in iska ta karya shi ko wani ya zo da dare ya sare, ka koma farko. In biyar ne, kowace shekara kana iya cire ɗaya ka yi girki ko ka yi danni, ka bar sabon toho ya maye gurbinsa, babban cikinsu kuma ka ƙyale shi ya zama icce. Gida ya samu makamashi, gona ba ta rasa inuwa ba. Gawo ne kaɗai nake yarda a bar masa ɗaya ko biyu, don shi gangar jiki guda ake so ya yi.

Waɗanda ka bari, ka aske musu rassan ƙasa har zuwa rabin tsayinsu, kada ka wuce. A nan ne zumuɗi ke ɓata aiki. Mutum ya ga abin ya yi kyau, sai ya yi ta askewa har ya bar ɗan tukku a sama kamar kan yaro. Ganye shi ne bakin icce, da shi yake ci. Wanda aka tsiraita yakan yi tsawo siriri kamar tsumagiya, iskar farkon damina ta karya shi, ko akuya ta ɗora ƙafa ta tanƙwaro shi ta cinye kan. Sai icce ya wuce mita biyu sannan a iya kai askin kashi biyu cikin uku.

Yadda ake saran shi ma magana ce. Adda ko lauje ko ƙaramin gatari, duk wanda za ka yi aiki da shi, ka wasa shi sosai, dutsen wasa kuma yana aljihunka. Ka sari reshe daga ƙasa zuwa sama, ba daga sama zuwa ƙasa ba. Saran da ya zo daga sama yakan tsaga reshen, ya ja ɓawo ya saɓule shi har gangar jiki, kuma ta wannan rauni gara da ruɓa suke shiga. Ka sare daf da jiki, amma kada ka ci jikin, kada kuma ka bar guntu mai tsawon yatsa, don guntun bushewa yake ya zama ƙofar ƙwari. Sara mai kyau fuskarsa santsi ce, a karkace, ruwa ba ya kwanciya a kanta, kuma cikin damina ɗaya za ka ga ɓawo ya fara rufe ta kamar bakin miki mai warkewa. Akwai daɗi a ganin wannan wanda ban san yadda zan kwatanta shi ga wanda bai taɓa yi ba.

Abin da ka sare kada ka ƙone shi. Wuta kusa da tsiro takan dafa ɓawonsa ko da harshenta bai taɓa shi ba, kwana kaɗan ka ga ya yi baƙi ta gefe guda. Baza rassan a ƙasa da ganyensu, in ganyen ya kakkaɓe ka kwashe itacen ka kai gida. Inda gona ta yi faƙo, ƙasa ta daskare ruwa na gudu a kanta, can ya fi dacewa a shimfiɗa su. Gara za ta zo cin ganyen, ta huda ƙasar, ruwa ya samu hanyar shiga, iska kuma ta tara rairayi da iri a tsakanin rassan. Garar da ke kashe dashe ita ce a nan take yi maka noma kyauta. Bayan haka sai komawa: duk wata biyu zuwa shida ka leƙa ka cire sabon tohon da ya fito daga gindi, musamman lokacin noman farko da maimai, tunda dama kana wurin da haywa a hannu. A ɗaura ɗan jan ƙyalle a jikin wanda aka gyara, kowa ya san mai shi na sonsa.

Gawo ya cancanci a daɗe a kansa. Yawancin itatuwa damina suke jira su yi ado, shi kuwa ruwa na sauka sai ya zubar da ganye ya tsaya fari fat kamar matacce, sai kaka ta yi ya toho. Wannan saɓanin nasa shi ne arzikin manomi. Ganyensa na zuba daidai lokacin da shuka ke neman taki, kuma ba ya tare wa hatsi rana. Saiwarsa na nitsewa ƙasa can ƙwarai, ba ta takara da ta hatsi, kuma yana cikin dangin itatuwan da ke ƙara wa ƙasa sinadarin da ake saye a buhun takin zamani. Da rani kuma dabbobi a inuwarsa suke wuni, suna cin ƴaƴansa suna zuba kashi. Je ka dubi hatsin gindin gawo a watan Agusta: ya fi na fili duhun ganye, ya fi kaurin kara, da'irarsa a fili take tun daga nesa kamar an zana ta.

Amma a ƙuruciya gawo ba shi da kyan gani. Ɗan kurmi ne mai farar ƙaya, kwance a ƙasa, shekara biyu ko uku kamar ba ya motsi, alhali ƙasa yake tafiya. Nan mutane ke fid da rai su sare shi. Ɗaga masa tsiro ɗaya, ka ɗaure shi a jikin sanda da igiyar kaba sako-sako don kada ta shaƙe shi, ka zagaye shi da ƙayar da ka aske daga jikinsa. In gonarka babu shi sam, ɗebo takin awaki ko tumakin da suka ci ƴaƴansa ka zuba, don ƙwayar gawo tauri gare ta, cikin dabba ne ke tausasa ta. In da hannu za ka shuka, ka kankare gefen ƙwayar kaɗan, ko ka zuba mata ruwan zafi da aka sauke daga wuta ta kwana a ciki. Wanda aka reno a leda kada ya daɗe a lambu, saiwarsa takan nannaɗe a gindin ledar, icen ya tsumbure har abada.

Ladan wannan haƙuri yana zuwa da ɗari. Ƙasa duk ta yi fari, ƙurar hunturu ta rufe gari, sai ga gawo kore shar, da furanni masu launin madara da ƙamshinsu ke tafiya da iskar asuba, zuma na guɗa a kansa tun kafin rana ta fito. Mai amya ya san wannan. Daga baya ƴaƴan su nuna su yi jaja-jaja, a murɗe, suna faɗowa ɗaya-ɗaya, jar akuyarmu ta Maradi na jin ƙarar faɗuwarsu ta sheƙo a guje. Yara na tsinta a buhu a kai kasuwa, masu kiwon ragon layya su saya. Da tsakar ranar watan Afrilu, lokacin da rairayi ke ƙona tafin ƙafa, ka shiga ƙarƙashinsa ka sa hannu a ƙasa, za ka ji ta da sanyi. Kurciya na kuka a sama, iska na ratsa ƙananan ganyen da wani sauti mai taushi da babu icen da ke yin irinsa. Na sha ganin mutum ya zo da fushi ya zauna nan, kafin la'asar muryarsa ta sauka.

Sabara da kalgo ba su da wannan kwarjini, amma su ne gatan jigawa. Iskar da ke zuwa gaban hadari takan kwaso rairayi ta yanke hatsin da bai wuce kwana goma ba, ko ta binne shi, har manomi ya shuka sau uku ko huɗu a damina guda, iri ya ƙare, lokaci ya ƙure. Inda waɗannan biyun suke tsaye, ƙarfin iskar na karyewa, ƙasar da take ɗauke da ita ta zube a gindinsu, shi ya sa kullum za ka gan su a kan ɗan tudu. Binciken da aka yi a Senegal ya nuna saiwarsu na jawo ruwa daga ƙasa can da dare ta saki wani a sama-sama, inda hatsin da ke kusa ke samu. Ga ganyen sabara na wankan jego, ga ɓawon kalgo na igiya, ga ƴaƴansa da ake dakawa a ba dabbobi. Sai dai kalgo in ya girma inuwarsa na da duhu da damina, dole a rage masa rassa kafin shuka, in ba haka ba abin da ke ƙarƙashinsa zai yi tsawo babu zangarniya. Dogon yaro ya fi shi wannan laifi. Wurinsa ƙofar gida da kasuwa da bakin hanya, ba tsakiyar gona ba.

Aduwa a bar ta ko don ɗanyen ganyenta da rani da icenta na allo da ƙota. Magarya in ta yi kaurin yatsa ana iya yi mata aure da irin mai manyan ƴaƴa, wato a haɗa reshensa a jikinta ya kama, sai a riƙa cire duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren, in ba haka ba na daji zai rinjaye. Ƙirya da marke da ɗanya sun yi ƙaranci, wanda ya samu ɗaya a gonarsa ya riƙe shi kamar ɗan fari. A kwarin Gulbin Kaba, nan ƙasar Maradi, kuwa matsalar dabam ce: kabar da ake yanka don tabarma da igiya ƴar goriba ce, kuma muddin ana yanke mata sabon ganye duk shekara ba za ta taɓa tashi ba. A kowane kurmi a ware kai ɗaya ko biyu da ba za a taɓa ba. Kuma goriba akwai namiji akwai mace, wanda ya sare mazan duka don ba sa haihuwa ya hana matan haihuwa.

Masu cewa icce na tara tsuntsaye su cinye hatsi ba ƙarya suke ba ɗungurungum, amma jan baki in ya zo ba ya tambayar ko gona na da icce. Abin da na fi tsoro shi ne kauci. Tsuntsu ke kawo ƙwayarsa ya manna a reshe, ya tsiro yana shan ruwan icen har reshen ya bushe. Tsinke kaucin kawai ba ya magani, sai an sare reshen daga bayan inda ya kumbura.

Sauran matsalar ta mutane ce. Wani zai zo da dare ya sare abin da ka shekara uku kana reno. Makiyayi zai hau gawo ya sassare rassa har ya bar shi kamar turke, kuma gawon da ake yi wa haka kowace shekara yakan daina ƴaƴa, daga baya ya mutu. Mutum ɗaya ba ya tsare icce, sai gari. Garin Ɗan Saga na ƙasar Agye ya yi suna a kan haka, inda aka kafa kwamitin tsaro da ya haɗa maza da mata da makiyaya, aka yi doka kowa ya san ta. Shigar da makiyayi cikin maganar shi ne hikimar, don shi ma gawon nasa ne ta wata fuska, kuma dabbarsa ce ke shuka shi. A yarda a kan rassan da za a rage da waɗanda ba za a taɓa ba ya fi a yi ta kai ƙara gaban mai gari. Gonar aro ko ta jingina ma a yi magana tun farko gaban shaidu a kan wa ke da icen da za a rena, don na ga zumunci ya lalace a kan kalgo uku. Ta wajen hukuma an samu sauƙi: dokar daji ta 2004 ta buɗe ƙofa, a watan Yulin 2020 kuma aka fitar da wadda ta tsara sassaben zamani ta amince da haƙƙin manomi a kan abin da ya rena. Duk da haka gawo na cikin itatuwan da doka ta kare, kafin a kayar da babba a je a nemi izini.

Ranar 3 ga Agusta kowace shekara ƙasa duka na dashen itatuwa, kuma abu ne mai kyau. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu Musulmin da zai dasa icce, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga gare shi, face ya zama sadaka a gare shi. Roƙona kawai shi ne wanda ya dasa ya koma a watan Maris da tulun ruwa da ƙayar shinge, wanda kuma ke da gona ya duba gindin ƙafarsa kafin ya nemi leda.

Yanzu haka bazara ta tsaya, shamuwa ta fara gyara sheƙa a kan tsamiyar bakin gari, gawo ya soma sakin ganye kaɗan-kaɗan. Cikin kwanakin nan ne ake wasa adda. Wanda zai fita, ya fita da sanyin safiya kafin rana ta yi kauri, ya tafi da yaro ɗaya da zai riƙe masa tsiron da aka zaɓa yayin da yake sare sauran, da ƴan tsummoki ja a aljihu.